Gawa nawa na ƙirga? Ga amsarka, Alhaji

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. An turo mini muryarka ta shirin rediyon nan, inda ka kira sunana ka jefo mini tambayoyi a kan rubutun da na yi game da samarin da ciwon ƙoda ke kwashewa a Gashuwa da ƙauyukan Bade. Ka ce in faɗa wa duniya gawa nawa na ƙirga da hannuna. Ka ce yaran nan ƙwaya ce ke kashe su, kuma mutuwa ta Allah ce. Sannan ka rufe da cewa in fito fili in faɗi ƙungiyar Turawan da ke biyana ina ɓata sunan garinmu da shinkafarmu da kifinmu.

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta hana ni barci.

Alhaji, kai ka girme ni, kuma ka san gidan da na fito. Ka san mahaifina, Allah ya jiƙansa, tare kuke sahu. Ban taɓa zaton daga bakinka zan ji an ce ina cin abinci da gawarwakin 'ya'yan mutane ba. Ni malamin asibiti ne, albashina gwamnati ke biya, in ta ga dama a kan lokaci. Babur ɗin da nake hawa duk gari an san shi, har da ƙarar da yake yi. In akwai dalolin da ake turo mini, to a hanya suke ɓacewa, kuma zan so ka taimaka da sanin manyan da kake da shi a binciko mini su. Abin da ya sa na yi rubutu shi ne na gaji da ganin saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, manomi ko masunci, an kawo shi ƙafa a kumbure, fuska ta yi suntum, yana amai, fitsari ya ɗauke. A tambayi tarihinsa, ba ciwon suga, ba a taɓa saninsa da hawan jini ba, alhali waɗannan biyun su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya. A auna jininsa a tarar ƙodar ta riga ta gama. Sai a rubuta masa takardar zuwa Damaturu ko Maiduguri wankin ƙoda. Sau da yawa labarin da ke biyo baya shi ne na lokacin jana'iza.

To, gawa nawa na ƙirga? Ban ƙirga ba, kuma ba aikina ba ne. Ai kukan da na yi a rubutun ke nan, da ka karanta shi har ƙarshe. A Najeriya kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake yi wa rajista. A wajenmu mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar, babu takardar shaidar mutuwa, balle a rubuta sanadi. Wanda ya rasu a ƙauye bai ma taka asibiti ba, sai dai ka ji an ce "ya yi fama da kumburi". Kai da kake shiga ofisoshin da ni ko ƙofarsu ba a bari in tsaya, me ya hana ka tambaye su ina littafin da suke rubuta mamatan? Ka bar masu alƙalami da kasafin kuɗi, ka zo ka tsare mai ɗaura wa majinyaci ruwa.

Kuma rashin lissafi bai taɓa zama hujjar cewa lafiya lau ake ba. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa mace-mace sun yi yawa a Kano. Da farko hukumomin jihar sun danganta abin da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau. Sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalan mamatan, sannan a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. A Zamfara a 2010, yara wajen 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gidaje, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su taimaka a gano bakin zaren. Na Kano a 'yan makonni ya auku, manyan mutane suka tafi a jere, dole aka waiga. Namu ɗaya-ɗaya yake ɗauka, shekara da shekaru, kuma 'ya'yan talakawa ne.

Maganar ƙwaya ba zan daɗe a kanta ba. Akwai masu sha, ban musa ba. Na fi ma jin tsoron maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da leburori ke haɗiya kullum kamar gyaɗa don su iya komawa gona, domin an tabbatar yawan shansu na cutar da ƙoda. Amma ana shan waɗannan a Kano da Kaduna da Legas. Me ya sa a kwarin kogin nan namu, daga Haɗeja zuwa Nguru zuwa Gashuwa, ake ta wannan kuka? Batun ƙaddara kuwa, na yi imani da ita kamar yadda ka yi. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kai kanka, in ban manta ba, ba a gida kake zuwa duba lafiyarka ba.

Ban ce shinkafa ce ba, ban ce kifi ne ba. Ka sake duba rubutun. Abin da na ce shi ne a auna ruwan rijiyoyi da na burtsatse da na kogi, a auna ƙasar fadama, a duba magungunan feshin da yara ke goyawa a baya ba safar hannu ba takunkumi, a duba aikin da ake yi cikin zafin bazara ba isasshen ruwan sha. Kai ne ka ɗauko shinkafa ka sa a tsakiyar zancen, kuma na san dalili, tunda ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da ita kake kasuwanci. Ba laifi mutum ya kare abin da yake ci da shi. Laifin shi ne ya hau rediyo ya yi kamar kishin gari ne kaɗai ya kawo shi.

Wannan cuta ba mu kaɗai ta sama ba, kuma inda aka ci gaba a kanta ba da ɓoyewa aka ci ba. A Nikaraguwa, kusa da garin Chichigalpa, masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda har aka laƙaba wa wata unguwa sunan tsibirin matan da mazajensu suka mutu. Can ma an daɗe ana cewa giya ce ke kashe su. Da aka fara tilasta ba ma'aikata ruwa da hutu da inuwa a lokacin aiki, raunin ƙoda ya ragu a tsakaninsu. A Siri Lanka manoman shinkafa na yankin Anuradhapura suna fama da irinta tun shekarun 1990, masana na ta muhawara a kan ruwan rijiya da magungunan gona. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na ƙauyukan da ke bakin rassan kogin Danube, a Bulgeriya da Romaniya da Sabiya da maƙwabtansu. Tun shekarun 1950 aka san da cutar, gida guda sai ta kashe mutum da yawa, ƙauyen da ke kusa kuma lafiya lau. An zargi ruwa, an zargi gado, an zargi kwal. Sai a 2007 aka samu ƙwaƙƙwarar hujja cewa wata ciyawa ce mai suna Aristolochia da ke fitowa a gonakin alkama, 'ya'yanta na shiga cikin hatsi a niƙe su tare, mutane na cin gubar a burodi kaɗan-kaɗan. Shekara hamsin ana nema. Da a ce duk wanda ya buɗe baki a can an tambaye shi wa ke biyansa, da har yau ana binne su ana cewa halinsu ne.

Na yaba wa gwamnatin Yobe da ta ɗauki nauyin wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, da kuma goyon bayan binciken da masana ke yi a jami'ar jihar. Amma wanki ba ya warkar da ƙoda, riƙe rai kawai yake yi. Ƙa'ida sau uku ne a mako, kowane zama wajen awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ka buga lissafin da kanka, tunda lissafi kake so: ko a sabon farashin naira 144,000 ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuma masunci ba ya ma cikin masu albashin. Ko inda wankin yake kyauta, kuɗin mota da ƙarin jini da abincin mai jinya ba kyauta ba ne. Na ga an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, daga baya aka dawo da yaron gida aka zuba wa sarautar Allah ido. Abin da ke ci mini rai shi ne gwajin fitsari da na jini da za su nuna cutar tun tana ƙarama ba su kai kuɗin wanki ɗaya ba, amma ƙananan asibitocinmu na ƙauye da yawa ba su da kayan yin su. Masu faɗa a ji na yankin nan, da kai a cikinsu, an fi ganinku wajen ta'aziyya da buhun shinkafa.

Tunda ka ce ƙarya nake yi, ga hanya mai sauƙi. Kana da leburori a gonarka ta fadama, yawancinsu ba su kai talatin ba. Ka kawo su a auna musu fitsari da jini, ka biya kuɗin, ka zaɓi ɗakin gwajin da ka yarda da shi don kada a ce na sa hannu. In sakamakon ya fito lafiya, zan bi ka gidan rediyon in faɗa da bakina. In ya fito akasin haka, ba na neman ka ba ni haƙuri. Ka dai tanadar musu randar ruwa mai kyau da rumfa a bakin gona, ka sallame su kafin rana ta take.

Wassalam.

Ɗanka,
malamin asibiti daga ƙasar Bade