Tazarar haihuwa: a bar matan karkara su zaɓa da kansu

Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, ina roƙon ka ba ni fili in ce wani abu kan tazarar haihuwa.

Ana yawan cewa matan karkara ba sa so. Ni dai ba haka na gani ba. Macen da ta sha wuyar kwanika, ga ciki ga goyo, ga surfe ga ɗibar ruwa, ba ta jiran wa'azin kowa. Ita ce ke ja na gefe ranar rigakafi ta ce, "Malama, so nake in huta."

Inda gizo ke saƙa shi ne zaɓi. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, amma abin da ya rage a kabad shi ake miƙa wa mace. Ta zo neman allurar wata uku, a ce ta ƙare, sai ashanar hannu, wato ɗan siririn abin tazara da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar damtse. Ashana ba ta da laifi, mai suna Implanon na kai shekara 3, mai suna Jadelle shekara 5. To amma wa ya zaunar da ita ya gaya mata al'adarta na iya rikicewa? Ga mai sallah da azumi, ɗigon jini na makonni ba ƙaramin abu ba ne: ba ta san ko haila ce ko jinin ciwo ba, maigida kuma ya fara tsuke fuska. Ta dawo a cire, wadda ta iya cirewa ba ta nan, sai an nemi kuɗin mota zuwa babban asibiti. Kafin ta samu, labari ya zaga gidajen suna cewa abin yawo yake yi a jiki, mata goma sun fasa.

Allurar Sayana Press, wadda mace ke iya yi wa kanta a ɗaki bayan an koya mata, da ta rage wahalar nan, sai dai isowarta wajenmu jefi-jefi ne.

Su kuma maza, a Damagaram an buɗe musu makarantun magidanta, suna zama suna tattauna lafiyar iyali. Mu nan har yanzu mace ke ɓoye katinta a ƙasan kwalla.

Roƙona ga hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu: duk asibitin da aka kai wa ashana, a horar da mai cirewa, a haɗa da safar hannu da maganin kashe zafi, kada a karɓi ko kwabo.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar lafiya, jihar Jigawa