Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena mai gidan kallo, kan maganar Troost-Ekong

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya kasuwa? Saƙonka ya iso, ko da yake ta rediyo ya biyo. Ranar Asabar ka kira waya a shirin wasanni, ka ambaci sunana har sau uku, ka ce in fito in faɗa wa mutanen Katsina abin da ya sa nake ce wa yaran da ke koyon tsaron baya su nazarci William Troost-Ekong, ɗan bayan da ya yi wa Najeriya wasa. Ka ce mutumin da ya zagaye ƙungiyoyi kamar ɗan koli, wanda Watford ta faɗi da shi, wanda ya ci gida a Masar, ba abin koyi ba ne. Ka rufe da cewa fenareti biyu da hedin ɗaya ne suka ruɗe ni, wai ni ba na ganin komai a fili sai raga ta motsa, kuma da Shehu Abdullahi ne ko Zaidu Sanusi da ban yabe su ba, tunda ba su da uwa Baturiya.

Tsakanin shagonka da ƙofar gidana ko acaɓa ba a hawa, da ka tako da na ba ka amsa a kan tabarma. Amma na fahimta. Gardamar zaure ba ta cika benci ranar Lahadi, ta rediyo ce ke cikawa.

Maganar yawo ba za ta ɗauke mu lokaci ba. An haife shi a Haarlem ta ƙasar Holan a 1993, ya taso a makarantun Fulham da Tottenham, ya buga a Groningen da Dordrecht, Gent ta ɗauke shi ta ba da aronsa ga Haugesund ta Norway, daga nan sai Bursaspor a 2017, Udinese a 2018, Watford a 2020, aro a Salernitana, PAOK ta Girka a 2023, sai Al-Kholood ta Saudiyya a 2024. Tafiyarsa daga Udinese zuwa Watford ma canjin ɗaki ne a gida ɗaya, domin a lokacin iyalan Pozzo ne ke da ƙungiyoyin biyu. Ka tuna faɗuwar Watford a 2022, ka manta cewa a kakar 2020 zuwa 2021 da ta hau Firimiya, ƙwallo 30 kacal aka zura mata a wasa 46, kuma yana cikin masu tsaron bayan. A kakar da ta faɗi, koci uku ta yi: Xisco Muñoz, Ranieri da Hodgson. Layin bayan da ake canza masa tsari duk wata uku, ko Maldini ka saka a ciki sai ya yi yoyo.

Abin da ya yi mini zafi shi ne cewar da ka yi raga kawai nake kallo. To bari mu ajiye ƙwallayensa gefe, mu yi maganar aikin lamba biyar, wato mai tsaron baya na tsakiya.

Faɗin fili mita 68 ne a yawancin manyan filaye. Idan mutum huɗu ne a baya, ba za su iya rufe wannan faɗin ba, dole su riƙa zamewa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, tazarar da ke tsakanin na tsakiya biyu kada ta wuce mita goma zuwa sha biyu. Da zarar ta wuce haka, ɗan gaba ya samu lungun da zai bi. Wani ne a cikinsu yake riƙe da wannan igiyar, shi ke cewa a fito, shi ke cewa a ja baya. Ƙa'idar ba ta da wuya a baki: idan mai riƙe da ƙwallo ya ɗago kai babu wanda ya matsa masa, a ja baya tun kafin ya buga, jiki a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon gida. Idan an matsa masa ya juya baya, ko ya mayar da ƙwallo ga na bayansa, a fito taku huɗu ko biyar gaba ɗaya, a bar ɗan gaba a satar fage. Mutum ɗaya ya makara da taku biyu, tarkon ya lalace. Wannan aiki da baki ake yinsa da hannu, kuma kyamara tana bin ƙwallo, ba ta bin mai magana. Shi ya sa ba ka gan shi a majiginka ba.

Je ka sake kallon gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Wasan farko da Equatorial Guinea, kocin Najeriya na lokacin, José Peseiro, ya tsaya da mutum huɗu a baya, aka tashi 1-1. Wasa na biyu da masu masaukin baƙi ya mayar da su uku a tsakiya: Semi Ajayi a dama, Calvin Bassey a hagu, Ekong a tsakani, ga Ola Aina da Zaidu a gefuna. Daga nan Najeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a zura mata ko ɗaya ba: Kwaddibuwa 1-0, Guinea-Bissau 1-0, Kamaru 2-0, Angola 1-0. Ƙwallo huɗu aka ci ta a wasa bakwai, ɗaya daga ciki fenareti ce da Mokoena na Afirka ta Kudu ya buga bayan ketar da aka yi a cikin da'ira. Ka lura da abin da na tsakiyar ukun ke yi. Bassey mutum ne mai son fita ya tari ɗan wasa tun daga nesa, kuma duk lokacin da ya fita, gurbi ya buɗe a bayansa. Ekong ne ke zamewa hagu ya toshe, ya ɗaga hannu ya jawo Ajayi ciki, Aina kuma ya sauko ya zama na huɗu. Idan wannan zamiya ta makara da daƙiƙa ɗaya, ƙwallo ta ratsa. Ba gudu ya fi su ba, Bassey ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya fi su shi ne yana tashi kafin a buga, su kuwa sai an buga. Kuma ya ƙarasa gasar da rauni a bayan cinya, wanda sai da aka yi masa tiyata daga baya. Waɗanda suka ba shi kyautar gwarzon gasar, alhali ƙasarsa ba ta ɗauki kofin ba, ina jin ba a gidan kallonka suka koyi ƙwallo ba, amma dai sun ɗan san wani abu.

Ba zan ɓoye kurakuransa ba, har zan ƙara maka waɗanda ka manta, domin da su nake koyarwa. A gasar duniya ta 2018, wasa da Kuroshiya, an bugo kwana ya rungumi Mandžukić da hannu biyu ya kayar da shi, Modrić ya ci fenareti aka tashi 2-0. Laifin ya faro ne tun kafin rungumar. Ya bar ɗan gaba ya shiga tsakaninsa da inda ƙwallo za ta sauka, sai ya nemi hannu ya gyara abin da ƙafa ta ɓata. A kwana, ƙirjinka na taɓa kafaɗar mutuminka, kana tsakaninsa da raga, idonka na ganin shi da ƙwallo lokaci guda, hannu ɗaya a buɗe don jin motsinsa, ba don riƙo ba.

A Nuwambar 2021, Watford da Leicester, aka ɗago doguwar ƙwallo, ya sunkuya ya bar ta ta wuce, ashe Maddison na bayansa, ya ci. Ɗan baya ba ya barin ƙwallon sama sai ya ji muryar golansa ƙarara, kuma sai ya waiga ya san wa ke bayansa tun ƙwallo na iska. Bai waiga ba. Bayan sati biyu, a gidan Brentford, ya zame ƙasa cikin yadi na sha takwas a mintin ƙarshe ya kwashe ƙafar Ghoddos, Mbeumo ya ci fenareti. A cikin da'ira, a wannan lokaci, tsayuwa ake yi a kan ƙafa a kora mutum waje. Wanda ya kwanta ya miƙa wa alƙalin wasa wuƙa da nama.

Cin gidan da ka kafa hujja da shi kuwa, shi ne mafi rauni a cikin maganarka. Wasan kusa da na ƙarshe ne da Aljeriya a Alƙahira, 2019. Mahrez ya kutso ta dama ya bugo ƙwallo da ƙarfi cikin yadi na shida, ta bugi Ekong ta shiga. Ɗan bayan da ya dawo yana fuskantar ragarsa, ƙwallo ta zo masa a tsayin ciki daga mita kaɗan, ba shi da zaɓi mai kyau. Wanda bai dawo ba shi ne ba ya cin gida, shi kuma sai ɗan gaba ya ci a madadinsa. Kwana huɗu kafin wannan, shi ne ya ci Afirka ta Kudu a minti na 89 ya kai mu wannan matakin, amma na yi alkawarin ba zan lissafa ƙwallaye ba.

Da ka san abin da kake yi, ƙwallon Haller za ka kawo, ta minti na 81 a wasan ƙarshe da Kwaddibuwa na 11 ga Fabrairun 2024, domin a nan Haller ya riga shi kai ƙafa a bakin turken kusa. Ko ita ma sarƙa ce. Najeriya ta koma baya ta tare a bakin da'irarta kusan duk wasan, Simon Adingra ya wuni yana cin Aina a gefe babu mai kawo masa ɗauki, shi ya bugo kwanar da Kessié ya farke da ita, shi ya sake wucewa ya bugo wa Haller. Idan an bar mai buga kuros ya ɗago kai sau goma, ta goma sha ɗaya sai ta samu ƙafar wani. Rabin taku Ekong ya makara, na yarda. Amma wanda zai ɗora masa wannan ƙwallo shi kaɗai, ƙarshen labarin kawai ya gani.

Ban taɓa cewa ya fi Stephen Keshi ba, ban ce ya fi Joseph Yobo mai wasa 101 da kofin 2013 ba. Ka ƙara wannan ne don miyar ta yi daɗi. Abin da na ce shi ne yaron da ba shi da gudun barewa, ba shi da ƙafar Okocha, zai iya koyon tsayuwa da magana da karatun wasa daga wannan mutumin, domin da su ya rayu.

Sai maganar uwa Baturiya, wadda ban so ka faɗa ba, don ba girmanka ba ne. Mutumin nan ya buga wa Holan a matakin matasa, Keshi, kocin Najeriya a lokacin, ya kira shi ya amsa, kuma wasansa na farko da rigar Najeriya a nan Kaduna ya yi shi, filin Ahmadu Bello, ranar 13 ga Yunin 2015, aka ci Chadi 2-0. Shehun da kake fakewa da shi abokin tafiyarsa ne: tare suka ɗauko tagulla a Rio a 2016 ƙarƙashin Samson Siasia, ranar da Sadiq Umar ya ci biyu Aminu Umar ya ci ɗaya a ragar Honduras, tare kuma suka zauna a Bursaspor. Zaidu ɗan Jega, wanda ƙwallonsa a ragar Benfica a watan Mayun 2022 ta ba Porto kofin gasar lig ta Fotugal, yana gefen hagunsa a Abijan. Su ba su raba kansu ba, kai ne ka raba su daga kan benci. Kuma Shehu da Zaidu 'yan gefe ne, aikinsu daban. Wanda ya tambaye ni lamba biyu ko lamba uku, sunansu zan ba shi. An tambaye ni lamba biyar.

Tunda ka taɓo yaranmu na Arewa, bari in faɗa maka inda ciwon yake. Zagaya filayen unguwa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa da yamma ka ga yadda ake raba wasa. Mai iya yanka a ba shi goma, mai gudu a ba shi bakwai ko sha ɗaya, wanda ya rage, mai jiki ko wanda ya zo a makare, a ce masa "je ka baya". Horonsa duka kalma biyu ne: "cire ta!" Babu mai nuna masa yadda zai karkata jiki, babu mai tsayar da wasa ya auna masa tazararsa da abokinsa, babu mai sa 'yan baya huɗu su yi minti ashirin suna fita suna komawa ba tare da ƙwallo ba, abin da ba ya buƙatar ciyawa ko takalmi mai tsada, igiya mai tsawon mita talatin da shida da ƙulli a kowace mita sha biyu ta isa. A filin tsakuwa yaro ba zai koyi zamiya ba sai ya bar fatarsa a ƙasa, to sai ya koyi duka. Ya girma a haka, ya je gwaji a filin wasa na Karkanda, a ga yana da ƙarfi amma bai san inda zai tsaya ba, a sallame shi. Da dare kuma ya biya kuɗi ya shiga wurinka, inda duk ɗan bayan da ya yi kuskure ake yi masa ihu a mayar da hoton sau biyar, wanda ya tare hanya tun kafin haɗari ya taso kuwa ko tafi ɗaya ba ya samu. Wane yaro ne zai fito daga nan yana son lamba biyar? Kai da kake da majigi da janareta da yara ɗari a gabanka kowane mako, sau nawa ka tsayar da hoto lokacin hutun rabin lokaci ka nuna musu layin baya?

Ka ce in ba ka amsa a gaban jama'a, na ba ka. Saura naka. Ka nemo wasan Najeriya da Kamaru na zagaye na biyu a waccan gasar, wanda Lookman ya ci biyu, ka sa shi a gidan kallonka ranar da babu Firimiya. Zan zo da yara goma sha biyu masu buga baya, kuɗin shigarsu a wuyana. Sharaɗi ɗaya ne: na'urar tsayar da hoto a hannuna za ta zauna, kuma duk inda na tsayar, kai za ka tashi ka nuna mana inda lamba biyar ya kamata ya tsaya kafin in sake ta. Ka gaida mutan gida, ka ce wa Baba ina nan tafe duba shi ranar Juma'a bayan an sauko.

Naka,
Yayanka mai horar da yara a Katsina