Wa ya ba ka izini?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Talata ya ɓata mini rai, mai gabatarwarku kuma ya ƙyale shi yana ta zuba. Wai in manaja ba ya nan, amana da fahimtar juna sun isa, ba sai an tsaya rubuce-rubuce ba. Daga jin haka na san bawan Allahn nan bai taɓa riƙon ƙwarya ba ko na yini ɗaya.

Ni na yi. Shekara tara ina kula da sito a wani kamfanin rarraba magunguna. Manajanmu ya kwanta rashin lafiya, ya kira ni a waya ya ce, "Riƙe mana wurin, mako biyu ne." Mako biyu ya zama wata huɗu. An damƙa mini makullai, amma ko takarda ɗaya ba a ba ni ba da ta ce ga abin da zan iya sa wa hannu, ga iyakar kuɗin da zan kashe, ga wanda zan kira in abu ya fi ƙarfina.

Wani dare injin ɗakin sanyi ya tsaya. A ciki akwai alluran rigakafi da insulin na masu ciwon sukari, waɗanda dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, in suka daɗe a zafi sun tashi aiki. Na kira manaja, wayarsa a kashe. Na kira babban ofis, ba wanda ya ɗauka. Sai na nemo mai gyara, na biya shi daga kuɗin ko-ta-kwana, kayan suka tsira. Bayan kwana uku sai ga takardar neman ba'asi: wa ya ba ka izinin taɓa kuɗin kamfani? To da na zuba ido kayan suka lalace fa, me za a tambaye ni? Ina amanar da baƙonku yake magana a kai a wannan ranar?

Abokan aikina ma ban ga laifinsu sosai ba. Direban da na ce ya canja hanya ya dube ni ya ce, "Kai da wa ya naɗa ka?" Kuma gaskiyarsa, don ba a sanar da kowa ba. Alawus ɗin riƙo kuwa ko sisi, shi manaja albashinsa na tafiya cif. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ku gayyaci ko mutum ɗaya daga ƙungiyar ƙwadago ba. Da ya tuna wa baƙonku cewa tun 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 98, wadda ta tanadi ma'aikata su zauna da masu kamfani a tsara sharuɗɗan aiki. Wa zai riƙe, na kwana nawa, da wane iko, a kan nawa, ai a irin wannan zama ake yanke su, a sa hannu tun kowa na da lafiyarsa. Ku sake shirin, ku kawo wanda ya taɓa riƙewa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sa wa a ƙarƙashin muryar masu magana. Sau huɗu na kira layinku ranar, sau huɗu ana katse ni ina cikin sallama.

Naku,
Wani mai sauraro