Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke ɗauko mana kaya ta jirgin sama daga Sin

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na fito da maganar nan fili ne saboda kiran waya ya ƙi aiki, lokacin da nake jiran kayana kullum amsar yaranka ɗaya ce: kaya na hanya.

Duk ɗan kasuwar da ya bar jirgin ruwa ya biya kuɗin kago, lokaci yake saye. Kwantena daga Guangzhou takan haura wata guda kafin ta iso Apapa, sannan a shiga fama da kwastam da tirela har Kano. Gudun wannan ne ya sa na ba ku mayafai da jakunkunan mata, kuka yi mini alkawarin za su sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kafin Sallah. Sallah ta zo ta wuce, rumfata a Kantin Kwari wayam, masu sari sun koma wajen maƙwabta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne awo. Kayana kilo 40 ne a sikeli, kuka caje ni kilo 60. Na san ƙa'idar, ba yau na fara ba: ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, a ninka, a raba da 6000, sai a caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli, tunda kaya marasa nauyi suna cin wuri a cikin jirgi. To amma wa ya sauya kwalin? Wanda ya haɗa mini kayan ya turo hoto, a matse suke cikin ƙananan kwalaye biyu. Da suka iso, ƙaton kwali ɗaya na tarar, kusan rabinsa takarda da leda. Kuɗin iska na biya ke nan, kuma da dala.

Takardar kago ma, mai lamba 11 da ake bibiyar kaya da ita, har yau ban sa ta a idona ba. Da kun ba ni, da na san ranar da kayan suka tashi da inda suka kwana.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin kilo 20 ɗin nan, ku ba ni kwafin takardar, ku kuma rubuto mini dalilin jinkirin. In ba haka ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, rasit da hotuna duk suna hannuna.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano