Yaya, a karanta wa Inna wannan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ƙafar ta saki? A gaida Gwaggo da yara. Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya fara leƙowa.

Na turo dala 300 ta hannun mutumin da muka saba. Ɗari biyu kuɗin makarantar Auta ne, ɗari na maganin Inna. Don Allah ko sisi kada ya bi ta hannun Kawu.

Auta ta faɗa min Inna ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki saboda hoton nan na Facebook, wanda nake riƙe da jan kofin roba a ƙofar wani gida mai manyan haruffa. Wai Kawu ya zauna a majalisa yana cewa na shiga ƙungiyar asiri, har na koyi shan giya. Yaya, wallahi Sprite ne a kofin. Mutumin da ko tashar mota bai raka ni ba, shi ne yau ya fi kowa sanin abin da nake sha a Amurka!

Na san abin da ya zo muku a rai, irin 'yan ƙungiyar asirin jami'o'inmu masu yawo da gatari. Masu gidan da ke cikin hoton dabam suke. Ƙungiyoyin ɗalibai ne da hukumar makaranta ta san da zamansu, na maza dabam, na mata dabam, sunayensu da haruffan Girka. Farkon zango sukan ware kwanaki na neman sababbin mambobi, a kafa rumfa, a gasa nama, a kira kowa. Abokin ɗakina ne ya ja ni, ni kuma ban ɓoye maka ba, jin abinci kyauta ne ya sa na bi shi. A kwanakin nan doka ta hana giya gaba ɗaya, ko kwalba ɗaya aka kama ana iya cin ƙungiya tara ko a dakatar da ita. Ina tsaye wasu ɗalibai biyu masu sa ido suka shigo, suka buɗe akwatin ƙanƙara suna ɗaga gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa yawancin sababbin 'yan shekara 18 ne, a nan kuma tun bayan dokar 1984 sai mai shekara 21 ake sayar wa giya. Na mata ma sun fi tsanani: manyan ƙungiyoyinsu 26 ba su yarda a shiga da giya gidajensu ba, kuma maza ba sa sa baki a nasu ɗaukar mambobin.

Ba zan ce maka waliyyai ba ne. Tsiyar tana farawa ne bayan an karɓi yaro. A 2017 a jami'ar Penn State aka ɗura wa wani ɗan shekara 19 giya a daren shigarsa, ya faɗo daga matakala, suka bar shi kwance kusan awa 12 kafin su kira motar asibiti, ya mutu. Bayan irin waɗannan mace-mace ne uwar ƙungiyoyin maza ta hana duk abin sha da ƙarfinsa ya wuce kashi 15 cikin 100 a gidajensu daga Satumbar 2019, sai dai in mai lasisi ne ya zo ya zuba. Su lissafin kashi suke yi, mu kuwa ko ɗigo ne sunansa giya.

Ban shiga ba, kuma ba zan shiga ba. Kuɗin mamba ma ɗaruruwan daloli ne duk zango, daga ina? Awa 20 kacal biza ta yarda in yi aiki a mako, a ɗakin cin abincin makaranta nake yin su. Wannan kada ka karanta wa Inna: wanke-wanke ne. Ba wuya, injin ne ke yi, hannuna ne dai ya ɗan tsattsage. Akwai ma irin ƙungiyar ta Musulmi da aka kafa a Dallas a 2013, ana kiranta Alif Lam Mim, ita ma ban da lokacinta.

Kullum in na tuna 'yan kunnen Inna da aka sayar aka cika kuɗin jirgi, sai in kasa haɗiyar abinci. Ga shi ba ni na kai ta asibiti ba, kai ke ta fama. Ka yafe min. Amma ka nuna wa Kawu sakamakona na zangon da ya wuce, ya kai shi majalisar ma.

Na sa abokin nawa ya goge hoton. Ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta can zan kira, ka riƙe wa Inna wayar da kanka. Ɗari biyu na Auta, ka biya ka turo min hoton rasit. Ban da Kawu, ko ya ce rance ne. In an samu mai tahowa a aiko min da kuka da yaji.

Ƙaninka.