A Tsara Hanya da Jirgi Kafin a Sauya Tambari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan yadda gwamnatoci ke tafiyar da kamfanonin jiragen sama na ƙasashensu. Na daɗe ina bibiyar wannan harka, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar irin wannan kamfani ya fara tangal-tangal, sai a tara 'yan jarida a nuna musu sabon tambari a wutsiyar jirgi da sabbin tufafin ma'aikata, alhali ba a amsa tambayoyin da suka fi muhimmanci ba: ina za a je, su wa za a ɗauka, kuma da wane irin jirgi?

Kamfanin Alitalia na Italiya ya ishe mu misali. A 2014 kamfanin jiragen sama na Etihad da ke Abu Dhabi ya sayi kashi 49 cikin ɗari na hannun jarinsa, a 2015 aka yi wa jiragen sabon fenti, a 2016 aka ɗinka wa ma'aikata sabbin kaya, amma a watan Mayun 2017 sai da gwamnati ta naɗa masa masu riƙon ƙwarya saboda asara ta yi masa katutu. Ciwon yana wani wuri dabam: kamfanoni masu arahar tikiti irin su Ryanair sun ƙwace masa fasinjojin gajeren zango, shi kuwa ba shi da isassun jiragen dogon zango da zai nemi riba da su. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. A watan Oktoban 2021 ya yi tashinsa na ƙarshe, kamfanin ITA Airways ya gaje shi.

A ganina, hanya ce tushen komai. Kafin a buɗe zirga-zirga zuwa wani birni, wajibi ne a san yawan mutanen da ke zuwa can a kowane mako, da abin da za su iya biya, da kuma ko akwai kayan da za a loda a cikin jirgin idan kujeru ba su cika ba. Matsalar kamfanonin gwamnati ita ce, sau da yawa neman suna ke zaɓa musu hanya. Ana son a ce tutar ƙasa ta sauka a Landan ko New York, ko da rabin kujerun babu kowa. Kamfanin Thai Airways na ƙasar Thailand ya fara tashi kai tsaye daga Bangkok zuwa New York a 2005 da jiragen A340 masu injin huɗu, ya dakatar a 2008 da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, daga baya kuma jiragen suka shafe shekaru a ajiye an rasa mai saye. Duk wanda ya taɓa hango jirgi a gefen filin sauka, an toshe bakin injinansa da murfi, ƙura ta rufe tagoginsa, tayoyinsa sun fara lotsawa, to dukiyar talakawa ce ya gani tana narkewa a rana.

Batun zaɓen jirage shi ne wanda jama'a suka fi ƙarancin sani a kai, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a ji ba a gani. Matuƙin da ya ƙware a Boeing 737 ba zai shiga Airbus A320 ya tuƙa haka kawai ba, sai ya koma horo ya sami lasisin wannan samfurin, domin hatta abin sarrafawar ya bambanta: na farkon yana gaban matuƙi kamar sitiyari, na biyun kuwa ɗan sanda ne a gefensa. Haka injiniyoyi, haka kayan gyara, tun daga birki da taya har zuwa injin ajiya. Saboda haka ƙaramin kamfani mai jirage goma da ya tara samfuri biyar ya ɗauki Dala ba gammo, domin rumbun kayan gyara biyar zai riƙe, kuma idan jirgi ɗaya ya lalace ba lallai ne matuƙansa su iya tuƙa na kusa da shi ba. Wannan ne ya sa kamfanin Southwest na Amurka ya daɗe yana riƙe da samfurin 737. Girman jirgi ma abin lura ne. Malesiya ta sayi jiragen A380 guda shida, masu hawa biyu, ta rasa hanyoyin da za su cika su, daga ƙarshe ta rabu da su.

Ba cewa nake yi mallakar gwamnati ce cutar ba. Kamfanin Ethiopian Airlines na gwamnatin Habasha ne ɗungurungum, ya fara tashi a 1946 zuwa Alƙahira, kuma har gobe yana kan gaba a Afirka. Ya mayar da Addis Ababa mahaɗa, inda ƙananan jirage ke kwaso fasinjoji daga biranen nahiyar su cika manyan da ke tafiya Asiya da Turai, ya gina makarantar horar da matuƙa da wurin gyaran jirage na kansa, sannan ya karɓi Boeing 787 a 2012 bayan ya riga ya san hanyoyin da zai ɗora shi. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, sai ya cire kujerun wasu jiragensa ya koma dakon kaya. Maƙwabcinsa Kenya Airways kuwa ya ci bashi ya faɗaɗa da gaggawa a ƙarƙashin shirin Mawingu, ya wayi gari a 2015 da asarar da ta haura shilin biliyan 25 a shekara guda.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na Nigeria Air. An ƙaddamar da suna da tambari a baje kolin jirage na Farnborough a Ingila cikin Yulin 2018, tun babu jirgi ko ɗaya, aka dakatar da shirin bayan wata biyu. A watan Mayun 2023 aka kawo jirgi Abuja sanye da wannan fenti, daga baya ta bayyana cewa na Ethiopian Airlines ne, kuma ya koma inda ya fito.

Sauya suna da tambari yana da ranarsa, musamman idan sabon mai gida ya karɓi kamfani. Kamfanin Tata na Indiya ya karɓi Air India a Janairun 2022, ya sanar da odar jirage 470 a Fabrairun 2023, sai a watan Agusta ya fito da sabon tambari. Wannan jerin shi ne daidai.

Don haka ina kira ga 'yan majalisa a duk ƙasar da ke shirin kafa irin wannan kamfani ko farfaɗo da shi, kada su amince da kuɗin fenti sai an ajiye musu lissafin riba da asarar kowace hanya, da dalilin zaɓen kowane samfurin jirgi, da bayanin ko saye za a yi ko haya, da wanda zai biya idan kujeru ba su cika ba. Ku ma 'yan jarida, idan an gayyace ku bikin buɗe sabon tambari, ku nemi a nuna muku waɗannan takardu kafin ku ɗauki hoto.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan jarida.

Naka mai karatu a kullum.