A waiwayi Mdou Moctar da abokan kiɗansa

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon shafinku na nishaɗi ya ba ƙungiyar Mdou Moctar fili. Wannan Buzun na Nijar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya raba shi a lokacin. Ta Bluetooth da memori ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa kunnen Christopher Kirkley na Sahel Sounds, kamfanin faifai da ke Amurka.

Su huɗu ne: Ahmoudou Madassane na riƙe da jitar rakiya, Souleymane Ibrahim na kan ganguna, Ba'amurke Mikey Coltun na kaɗa bes. Mdou bahago ne, da yatsa yake kaɗa jitarsa. Ta farko da ya mallaka, da wayar birkin keke ya harhaɗa ta.

Ga inda masu kwaikwayonsu ke tuntuɓe. Jitar rakiya amo ɗaya take ta maimaitawa, mai ganga kuma yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Da mai rakiya ya fara kwalliya, ko ganga ta yi gaggawa tun farko, sai kiɗan ya watse, mai jitar jagora ya rasa wurin takawa.

Kamfanin faifai na Matador ne ya fitar da faifansu Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, suka daɗe ba su koma gida ba. Abin takaici ne a ce Turawa sun fi mu sanin su.

Naku,
Masu koyar da jita, Damagaram